Kin Yi Ƙoƙari, Baba

Shekara goma sha tara Baba Mai Ƙofa ya yi yana buɗe ƙofar makarantarmu. Ranar wata Litinin na gano abin da zai iya raba shi da ita, ga shi kuma wasu baƙi za su zo makarantar ranar Alhamis.

Ba wanda ke kiransa da sunan yanka. Yara da malamai da iyaye, har mai gyaran taya na tsallaken titi, Baba Mai Ƙofa suke cewa. Dogo ne da ya ɗan ranƙwafa, haƙoransa biyu na gaba babu, shi ya sa in ya yi magana sai ka ji ɗan fito yana bin kalmomin. Kayan aikinsa benci ne, da littafin baƙi, da wata sanda da bai taɓa dukan kowa da ita ba sai awakin da ke leƙo kai. A aljihun gaban rigarsa kullum akwai biro da gidan tabarau.

A ƙauye aka haife shi, shi ne babba cikin 'ya'ya takwas. Ranar da aka zo rubuta sunayen yaran da za su shiga makaranta yana daji da dabbobin babansa, da ya dawo har an rufe littafi an tafi. Ƙannensa biyu sun shiga, shi ya ci gaba da kiwo. Da ya tasa ya shigo gari ya yi dako a tasha, daga nan ya bi babbar mota shekara goma sha ɗaya yana lodi yana saukewa, har ranar da wani buhu ya zame masa a kan katako, bayansa ya ce ya gaji. Wata huɗu ya yi a kwance. Wani direba da ya san amanarsa ne ya yi masa hanyar gadin makaranta. Yana zaune a ɗaki biyu da matarsa, wadda yake kira Tsohuwa, da jikoki biyu da 'yarsu ta bar musu.

Aikin ƙofa ya iya shi. Kowane yaro da takalminsa ya san shi, kowane uba da ƙarar babur ɗinsa. Tun kafin babur ya shawo kwana za ka ji ya ce, "Ke mai jar jaka, ɗauko kayanki, babanki ya iso." In yaro ya makara ba ya yi masa tsawa. Miƙewa yake yi ya buɗe ƙofar gaba ɗaya, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ai ba mu fara komai ba, kai muke jira." Yaro ya gwammace bulala da wannan tarba.

In baƙo ya zo, sai ya miƙa masa littafi da biro, ya jira ya gama rubutu, ya dubi shafin da kyau, ya gyaɗa kai. In uwa ta aiko da 'yar takarda, sai ya tare duk malamin da ke wucewa ya ce, "Duba mini wannan, na bar tabarauna a gida." Ni kaina na karanta masa irin waɗannan takardu ya fi sau uku. Shekara goma sha tara tabarau na gida, ba wanda ya taɓa lura.

Shekarar da aka ɗauke ni aiki, wata ƙungiya ta ba makarantar kwamfutocin hannu guda arba'in domin 'yan aji biyu, kowane yaro da tasa. Kula da su shi ne aikina. Da yake yaran ba su iya karanta sunayensu ba tukuna, sai aka manna hoton dabba a bayan kowace, wannan zakara, wannan kifi, wannan raƙumi. Kafin a yi wata guda yaran sun daina kiran juna da suna, sai ka ji ana cewa Kifi ya mari Raƙumi. A cikin na'urar akwai muryar mace mai koyar da karatu. Tana nuna harafi, yaro ya faɗa, ta saurara. In ya yi daidai ta yaba masa ta wuce da shi gaba, in ya kuskure ta ce ya sake. Ta san mai kowace na'ura, namiji ne ko mace, kuma da haka take yi masa magana.

Kullum bayan tara yaran kan yi rabin awa da na'urorin. Ranar Juma'a ni kuma in fitar da takarda mai nuna inda kowa ya kai. Takwas ɗin ƙarshe su ne 'yan tabarma: in an tashi sai su tsaya, malamin ajin ya zaunar da su a tabarma ya koya musu da alli da baki. Malam Jan Biro ake ce masa, mutum ne mai ƙoƙari, sai dai tun da malamar aji uku ta tafi haihuwa azuzuwa biyu yake riƙe da su, yana shiga nan yana fita can.

Ɗakin caji wani ɗan ɗaki ne a gefen ƙofa, a kan rufinsa aka kafa farantin sola. Ƙarfe biyu in an tashi nakan jera na'urorin a kan kanta in jona su in tafi. Baba ne ke cire su da yamma in sun cika, ya goge musu ƙura, ya kulle. Makullin na wuyansa a jikin igiya.

Doka ɗaya ce a kansu, Shugabar makaranta ta faɗe ta a taron ma'aikata, ta kuma sa aka manna a ƙofar ɗakin: ban da yaran da ni da Malam, duk ma'aikacin da ya kunna ɗaya a bakin aikinsa. Shugaba gajeriyar mace ce da ba ta maimaita magana. A zangon farko mai shara ta tafi da ɗaya gida don ɗanta ya gani, ta dawo da ita washegari lafiya lau. Ranar ta bar aiki.

To, ranar Litinin ɗin nan Shugaba ta kira ni ofis tana murmushi, abin da ba kasafai take yi ba. Ƙungiyar ta aiko da saƙo cewa cikin makarantu goma sha biyu da aka ba na'urori, yarinyar da ke riƙe da mai hoton agwagwa ce ta fi kowa nisa. Za su zo ranar Alhamis su ji karatunta da kunnensu.

"Ki shirya ta," in ji Shugaba. "A ce wa uwarta ta wanke mata riga."

Agwagwa 'yar shekara bakwai ce, siririya, ba a jin muryarta. A zangon farko tana cikin 'yan tabarma, daga baya ta yi ta hawa a takardar Juma'a har ta kai sama, aka cire ta. Na ɗauke ta muka zauna a inuwar bayan aji, na buɗe mata littafi a shafi na uku.

"Karanta mini nan."

Ta dubi hoton da ke shafin, ta ce, "Akuya."

"Eh, akuya ce. Amma me aka rubuta a ƙasa?"

Sai ta zuba wa bakina ido tana jira in fara ta bi. Na koma shafi na ɗaya. Ta san a, ta san o. Da na nuna mata b ta ce d, da ta ga fuskata ta ce b, sannan ta sake cewa d. Na sallame ta.

Na shiga ɗakin caji na buɗe bayanan na'urarta, abin da ban taɓa yi ba, don ni jimillar maki kawai nake fitarwa. An yi darasi arba'in da uku. Duk wanda aka ci, tsakanin ƙarfe uku da huɗu da rabi na yamma aka ci shi, wasu kuma ranar Asabar da safe. A waɗannan lokuta ba yaro ko ɗaya a makarantar. Na'urar tana ajiye muryar mai karatu, sai na saƙala abin kunne na taɓa na ƙarshe.

"Karanta wannan jimla," in ji muryar macen.

Aka yi gyaran murya. "To, bismillah. Jir-gin ƙa-sa ya i-so ta-sha da sa-fe." Kowane sa da fitonsa.

"Madalla! Kin yi ƙoƙari. Yarinya mai hazaƙa!"

"Na gode, Malama. Allah ya yi albarka."

Na taɓa wani na baya. Nan ya kuskure, muryar ta ce, "Sake gwadawa." Ya ce, "To, to, kar ki yi fushi, tsufa ne." Ya sake, ya kuskure, ya sake. Na ƙirga sau tara. A na goma ya samu, na ji ya tafa hannu shi kaɗai.

Na yi dariya har na kama baki. Can na tuna da mai shara, dariyar ta tsaya.

Ranar ban tunkare shi ba. Na wuce ta gabansa ya ce, "A sauka lafiya, 'yata," na ce amin ban ɗago ba. Sai ranar Talata bayan an tashi, da makarantar ta yi shiru, na ɗauko mai agwagwar na zo na ajiye ta a kan bencinsa, na zauna a ɗaya gefen.

Ya dube ta ya daɗe. Sannan ya ce, "Ta faɗa miki ke nan."

"Wa?"

"Malamar Ciki."

"Ba faɗa take yi ba, Baba. Ajiyewa take yi. Duk abin da aka karanta mata yana nan."

"Ashe munafuka ce," in ji shi, amma ba da zafi ba.

Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Wata rana yana goge ta sai yatsansa ya danna wani wuri, ta yi haske, ta ce sannu da zuwa. "To 'yata, mace ta gaishe ka, ka yi mata shiru? Na ce yauwa, sannu. Ta ce in taɓa wani abu mai kama da ƙwarya. Na taɓa. Ta ce sunansa o. Na ce ikon Allah, shekara nawa ina ganin wannan abu a jikin motoci, ashe suna gare shi." Washegari ya ce bari ya ga ko tana nan. Tana nan.

"Ka san dokar ai, Baba."

"Na sani, ina wurin aka faɗa. Kin ga takardar can ta jikin ƙofa? Ita ce ta farko da na karanta da kaina. Sati biyu ina harhaɗa ta. Ranar da na gama na ce, to, da ni ake."

"Amma ba ka daina ba."

"Na daina kwana uku." Ya shafa gemu. "Ke kin yi makaranta tun kina ƙarama, ba za ki gane ba. Duk wanda zan ce ya koya mini, ko dai ya yi dariya ko ya ba da labari. Wannan sau ashirin zan kuskure ba ta yin tsaki. Yanzu Tsohuwa cewa take yi ta daina zuwa kasuwa da ni, wai ina tsayawa a gaban kowane shago ina motsa baki kamar wanda ya ɓata."

"Wata biyar fa tana ce maka ki."

"Da farko na gyara mata. Na ce Malama, namiji ne, ga gemu. Ta ce kin yi ƙoƙari. Sai na ƙyale ta. A tasha an kira ni da abin da ya fi wannan."

Na tambaye shi me ya sa kullum mai agwagwa. Ya juya ta ya nuna mini kusurwar da ta ɗan tsage. Ya ce ya ga ita ce mai rauni a cikinsu, in ma wani abu ya faru gara ita da lafiyayya. Shi a ganinsa duk ɗaya ne, kamar allo: a yi rubutu, a goge, wani ya zo ya yi nasa. Da ya kashe ta ya goge fuskarta da tsumma, ya ɗauka shi ke nan ya share sawunsa.

Na gaya masa maganar baƙi. Sannan na faɗi abin da na kwana ina juyawa: zan iya goge komai in ce wa Shugaba na'urar ce ta rikice. Na'ura tana rikicewa, ba wanda zai yi mamaki.

"Zai yiwu?" Ya faɗa da sauri.

"Zai yiwu."

Ya sauke numfashi. Ya dubi titi, ya dubi makullin da ke wuyansa. Can ya ce, "Wai wace ce mai agwagwar?"

Na fara kwatanta ta, ya katse ni. "Mai shuɗin takalmin roba, ɗaya an ɗaure da waya. Yayarta ke kawo ta. Ba ta taɓa makara ba." Sai na gaya masa yadda makinsa ya ɗaga ta aka cire ta daga tabarma, yau wata uku, da yadda muka yi da ita a bayan aji. Ya ɗauki na'urar da hannu biyu ya miƙo mini, ya ce in bari sai gobe.

Ranar Laraba bayan tara ina cikin aji biyu ina raba na'urori sai na gan shi a bakin taga da guduma, wai yana gyara ƙusa. Ƙusar lafiyarta ƙalau. Yara talatin da tara sun saƙala abin kunne, kowa na gunaguni yana dangwala yatsa, ajin kamar gidan zuma. Agwagwa na layi na uku. Ta sa hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta. A gabanta akwai layi biyar na rubutu a kan jirgin ƙasa da fasinjoji, darasi na arba'in da huɗu. Ba ta taɓa komai ba, ba ta kuma kira kowa ba. Haka ta zauna har rabin awar ta cika. Malam ya leƙo daga aji uku, ya gan ta a zaune, ya ce, "Kun gani? Agwagwa har ta gama. Ku yi koyi da ita." Ya koma.

Da yaran suka fito shan ruwa, Baba ya durƙusa a gabanta, abin da bayansa ba ya so.

"Agwagwa, me malamar nan ta ciki take ce miki?"

Ta dubi ƙasa. "Tana cewa in sake gwadawa."

"Kullum?"

Ta gyaɗa kai.

"Ba ta taɓa cewa kin yi ƙoƙari ba?"

"Da tana cewa. Yanzu ta daina."

Ya ce ta je ta sha ruwa. Ya dafa bango ya miƙe. Bai dube ni ba ya ce, "Ashe nata nake karɓewa." Sannan ya ce, "Ɗauko abin nan ki raka ni ofis. Ni zan yi magana, ke riƙewa kawai za ki yi."

Ofishin Shugaba tebur ne da kujeru biyu da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai an tokare shi da dutse. Baba ya ƙi zama. Ya cire hula ya riƙe, ya faɗi komai a tsaye, tun daga ranar da na'urar ta gaishe shi har zuwa abin da ya gani ta taga. Bai ce tsautsayi ba ne, bai ambaci jikoki ba. Shugaba ba ta katse shi ba. Da ya gama ta aika aka kira Malam Jan Biro, ta ce in kunna muryar kowa ya ji.

Da aka zo wurin "yarinya mai hazaƙa", Malam ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Dariya kake yi, Malam?" in ji Shugaba. "Wata uku yarinya na zaune a gabanka ba ta san b ba, kana cewa a yi koyi da ita. Yaushe rabonka da ka ji karatunta da kunnenka?"

"Ranki ya daɗe, takardar ce ta nuna..."

"Takarda ce malamar ajin ko kai?" Ta juyo kaina. "Ke kuma kowace Juma'a kina kawo mini lambobi. Yarinya ta taso daga ƙasa ta haye sama kamar an jefa ta, ba ki taɓa cewa bari in duba ba?"

Na ce ban taɓa ba.

"Ni ma da na sa hannu a kai ban taɓa ba," ta ce, ta ture takardun gabanta gefe. Sannan ta dubi Baba. "Na sallami mai shara a kan kwana ɗaya. Kai wata biyar."

"Haka ne, ranki ya daɗe."

"Ita ba ta cuci ɗan kowa ba."

"Haka ne."

"In na haɗu da ita a hanya, me zan ce mata?"

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Ni dai na ce kar gobe a tsayar da yarinyar nan gaban baƙi."

Shugaba ta jawo farar takarda, ta ɗauki biro, ta yi rubutu da manyan baƙaƙe, a hankali, tana tsayawa tana tunani. Ta juya takardar ta tura masa.

"Tunda an ce kai ne na ɗaya a makarantu goma sha biyu, ba sai na ɓata bakina ba. Karanta."

Hannunsa ya tafi aljihu da kansa. "Tabarau..."

"Na gida. Mun sani. Karanta."

Ya ajiye hular a gefen tebur, ya sunkuya, ya ɗora yatsa a kan layin farko.

"Wan-nan gar... gar-ga-ɗi ne na far-ko ku-ma na ƙar-she." Ya tsaya a kan ɗigo kamar yadda aka koya masa, ya ja numfashi, ya sauko layi na biyu. Akwai wasu ƙananan kalmomi biyu bayan ɗigon, can a bakin takarda, tafin hannunsa ya rufe su bai gani ba.

"Ko-re ka da-ga a-i-ki..."

Ya ɗaga yatsan. Ya miƙe tsaye, ya ɗauki hularsa. "To. Na gode, ranki ya daɗe. Allah ya bar zumunci."

"Wa ya ce ka tsaya? Ƙarasa."

Ya sake sunkuyawa. "Ba." Ya yamutsa fuska. Ya sake faɗa, "Aiki ba." Ya dubi Malam, ya dube ni. "Wannan ba ɗin, ina 'yar'uwarta? Malamar Ciki ta ce irin wannan ba ta tafiya ita kaɗai."

Ba wanda ya taimake shi. Ya koma da yatsa baya, kalma bayan kalma, ya hau layin sama, ya bi shi har ƙarshe, ya ɗaga tafin hannunsa.

"Ga ta nan, ta ɓuya. Ba a. Ba a ko-re ka da-ga a-i-ki ba."

Ya karanta ta sau biyu. A karo na biyu fiton ya fi kalmomin ƙarfi. Malam ya ce, "Kai, Baba!" Shugaba ta dube shi ya yi shiru.

"Saura layi ɗaya," ta ce.

"Ka ka-wo ma-kul-lin ɗa-kin ca-ji yau."

Ya ciro igiyar daga wuyansa ta saman kai, ya kwance ƙullin da haƙoran gefe, ya zare makullin ya ajiye a tebur. Shugaba ta jefa shi a aljihun tebur ta rufe. Ta ce daga yau ni zan riƙa tsayawa har na'urorin su cika in kulle da kaina. Ta ce wa Malam yarinyar ta koma tabarma yau ɗin nan, kuma kowace Juma'a sai ya ji karatun yara biyar da kunnensa kafin a kawo mata wata takarda. Baƙi kuma za ta kira su da kanta ta gaya musu gaskiya, in sun ga dama su zo, in sun ga dama su fasa. Maganar mai shara, ta ce, wannan tsakaninta da ita ne, za ta neme ta.

"Ke kuma goge wannan, a mai da wa yarinya abinta daga farko."

Na buɗe wurin gogewa. Na'urar ta tambaya ko na tabbata, ta nuna darasi arba'in da uku a jere, kowane da ɗan tauraronsa. Na ɗago na dubi Baba. Ya matso ya leƙa, ya bi su da ido daga sama har ƙasa.

"Duk waɗannan nawa ne?"

"Naka ne."

"To danna."

Na danna. Fuskar ta yi fari, sannan harafin a ya fito shi kaɗai a tsakiya.

Shugaba ta riga ta jawo wani fayil, alamar an gama. Malam ya fita. Baba ya sa hula, ya kai bakin ƙofa, ya dawo.

"Ranki ya daɗe, zan iya tafiya da takardar?"

"Me za ka yi da ita?"

"Ba a taɓa rubuto mini wasiƙa ba."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabaraunta. "Baba, takardar gargaɗi ce fa."

Ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa, ya daidaita gefen da farce.

"Na sani," ya ce. "Ai ni na karanta."